Riƙe Mini Katina

Ranar Asabar ɗin zaɓe ta waye wa garin Karrabool da yayyafi, irin siririn ruwan nan na watan Mayu da ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya, sai dai ya bi ta wuyan riga a hankali har ya kai ƙashi. Tun kafin a buɗe rumfar zaɓe Desmond Kittelty yake tsaye a ƙofar makarantar firamare, a bayan iyakar da jami'in zaɓe ya shata wa masu raba kati. Tsohon direban tankar madara ne, ya doshi saba'in, dogo mai ɗan doro, kuma kowa a garin Des yake kiransa.

Katin da ke hannunsa ƙarami ne, da zanen bakan gizo a samansa, alamar masu ƙaunar jinsinsu, sunayen 'yan takara a jere, kowane da lambarsa. A nan lamba mai zaɓe yake rubuta wa kowane ɗan takara, daga wanda ya fi so zuwa na ƙarshe, katin kuma shawara ce ta yadda zai jera su. Na ƙungiyarsu ne, ta maza masu zama da maza da mata masu zama da mata, wadda duk taronta ba ya cika ɗakin baya na shagon kifi. Sun aika wa kowane ɗan takara tambayoyi, suka jera su gwargwadon amsoshinsu. A wasu shekarun wannan aikin ɓata tawada ne kawai. Bana kuwa kujerar mazaɓar tana rawa, har ana cewa lamba ta biyu da ta uku da mutane za su rubuta su ne za su raba gardama. Shi ya sa da Mista Pennicott, wanda ya daɗe a kan kujerar, ya zo na ƙarshe a katin Des, abin ya dame shi har ya ambata a rediyo.

Mai raba katin Pennicott a wannan ƙofar ita ce Glenys Hallett. Ta iso da kujerarta ta naɗewa da fulas ɗin shayi da ƙatuwar lema mai ɗauke da hoton ɗan takararta.

"Ɗan haya," in ji ta, "ka zo da lema kuwa, ko yau ma tawa za ka ci?"

"Yaya, lemar da ke da fuskar Pennicott? Gara ruwa ya dake ni."

"Kai dai ba ka da lissafi. Fuskarsa na sama ruwa na dukanta, kai kana ƙasa a bushe. Me kake nema da ya wuce wannan?"

Des ya yi dariya ya shiga ƙarƙashin lemar. Ta zuba masa shayi a murfin fulas ba tare da ta tambaye shi ba.

Glenys yayar Lyle ce, Lyle kuwa shi ne mutumin da Des ya zauna da shi sama da shekara talatin a wani ɗan gida bayan tashar jirgin ƙasa. A duk tsawon shekarun nan garin bai taɓa kiran zamansu da sunansa ba. Cewa ake yi Lyle Maddern yana da ɗan haya. Tun abin yana ciwo har ya koma wasa, har Glenys ta mayar da shi sunan tsokana, shi kuma ya riƙa kiranta Yaya kamar yadda Lyle ke yi. Da ciwon huhu ya kwantar da Lyle, su biyu suka yi jinyarsa, tana riƙe kafaɗu yana riƙe ƙafafu. Ya rasu kafin dokar auren jinsi ta zo. Ranar jana'iza, da fasto ya nuna wa Des kujerar baya, Glenys ce ta kamo hannunsa ta zaunar da shi a sahun dangi.

Dangin Maddern suna da filinsu a tsohon ɓangaren maƙabarta, ƙarƙashin itatuwan turare. Uba yana nan, uwa tana nan, ga Lyle, sai gurbi ɗaya da ya rage a gefensa. Gurbin na Glenys ne, da sunanta yake a ofishin ƙaramar hukuma. A ranar da aka binne Lyle ta nuna wurin da haɓa ta ce, "Wannan gefen naka ne, Des. Amma kada ka yi gaggawa, ba zan dafa abincin makoki sau biyu a shekara ɗaya ba." Da baki ta faɗa, ba a rubuta ba. Ɗanta Brendan bai taɓa ɓoye cewa bai ji daɗi ba, shi a ganinsa uwarsa ce ya kamata ta kwanta cikin iyayenta.

Des ba shi da ɗa, ba shi da ƙani, danginsa na arewa sun daina amsa gaisuwarsa tun yana saurayi. Wannan gurbin shi ne kaɗai abin da yake jira a duniya. Kowace Lahadi yana cin cinyar rago da dankali a teburin Glenys, yana wasa da ita, yana haɗiye duk maganar da ta zo masa wuya. Wani lokaci idan yana komawa gida yakan tambayi kansa, a cikin wannan kirkin nasa nawa ne ƙauna, nawa ne tsoro. Bai taɓa iya raba su ba.

Da hantsi layi ya yi tsawo har ya kai wurin da Kev mai gashin nama ya kafa murhunsa yana sayar da sosej, niƙaƙƙen naman nan mai tsawo, a cikin burodi don gyaran rufin makaranta. Mutane na wucewa, wasu su karɓi kowane kati don kada a ce sun nuna ɓangare, wasu su cusa hannu a aljihu su ce sun riga sun yanke shawara. A nan Roula Tsakiris ta iso, mai shagon soyayyen kifi, ita ce shugabar ƙungiyar, gajera mai murya kamar ta mai gwanjo.

"Baba Des, na aiko ka yaƙi ka ɓuya a tantin abokan gaba?"

"Leƙen asiri nake yi."

"Me ka gano?"

"Shayinsu ya fi namu sukari."

"Ina kwana, Misis Hallett," in ji Roula, a bushe.

"Lafiya lau, Roula. Ya mai ɗakin naki?"

"Tana nan. Har yanzu matata ce, doka ta ce."

"Ai ban ce komai ba."

"Na ji ba ki ce ba."

Suna cikin haka wayar Glenys ta yi ƙara. Ta saurara, fuskarta ta sauya. Mijinta Merv ne ya zame a wurin tatsar shanu, ya kasa tashi. Ta miƙe har kujerar ta kife, ta danƙa wa Des damin katunanta.

"Riƙe mini katina," ta ce, ta nufi motarta da sassarfa.

Ba ta jira amsa ba, domin ba abin tambaya ba ne. Masu raba kati yini guda suke yi a ƙofa ɗaya, rana ɗaya ke dukansu, ruwa ɗaya ke jiƙa su. Idan ɗaya zai zaga bayi ko zai je ɗauko jikoki, sai ya miƙa wa na kusa da shi, ko da na babban abokin hamayya ne. Shi kuma ya raba da hannu biyu, nasa a dama na wancan a hagu, ba ya ɓoyewa, ba ya yatsina fuska, ba ya ƙara kalma. Babu dokar da ta ce a yi haka. Amma a gari irin Karrabool, wanda ya karya wannan, ana tuna masa har a wurin jana'izarsa.

Des ya gyara tsayuwa ya miƙa hannu biyu. Ya raba wa mutane da dama kafin Roula ta zaro ɗaya daga damin na hagu ta juya bayansa. Ta karanta, sannan ta ɗora masa a gaban ido.

Gaban katin irin na kullum ne, fuskar Pennicott da lambobi. Bayan ne sabo. Hoto ne na hannun ƙaramin yaro a cikin hannun wani babba, babban kuma da zaren bakan gizo ɗaure a wuyan hannunsa. A ƙasa an rubuta: Wa ke koyar da ɗanka? Makarantun coci su sami ikon sallamar malamin da rayuwarsa ba ta dace da yara ba. Ku kare yaranmu daga gare su.

Des ya karanta sau biyu.

"Ga kwandon shara can," in ji Roula.

"Amana ce."

"Amanar wa? Kalli hannun nan da kyau. Hannunka ne. Nawa ne. Cewa suke yi mu masu lalata yara ne, kai kuma kana rabawa kamar biskit."

"Ta ce in riƙe mata. Mijinta na ƙasa."

"To riƙe. Riƙewa daban, rabawa daban."

"Kin san ba haka ake yi ba."

Roula ta matso ta rage murya, amma muryarta ko an rage ta kaifinta na nan. "Baba Des, ni da kai ba ma ɓoye wa juna. Ba al'ada kake karewa ba. Kabari kake saye."

Ya juya wa titi fuska, ya miƙa hannu biyu ga wata tsohuwa mai sanda, ta karɓi duka biyun ta ce Allah ya yi masa albarka.

Ya ci gaba da rabawa, zuciyarsa na ta kai da kawo. Ya gaya wa kansa cewa kati ba ya sauya tunanin kowa, yawancinsu a kwandon bakin ƙofa suke ƙarewa. Sai wata zuciyar ta ce, in haka ne, me ya fito da kai cikin ruwa da naka katin? Ya gaya wa kansa cewa wannan 'yar al'adar ta riƙe wa juna ita ce ta sa mutum irinsa ya iya tsufa a ƙaramin gari ba a fasa masa tagogi ba, kuma wanda ke cin moriyar ladabin mutane ba shi ne zai fara karya shi ba. Wannan gaskiya ne. Abin da Roula ta faɗa ma gaskiya ne. Abin da ya fi damunsa shi ne gaskiyar farko ta zo daidai da abin da yake so, kuma ya daɗe da koyon zargin duk gaskiyar da ta zo masa da sauƙi haka.

Wajen tsakar rana ya hango Anthony Zammit a cikin layi. Malamin kiɗa ne a makarantar cocin da ke bayan gari, mutum mai kimanin shekara arba'in, mai sanyin murya. Yakan zo taron ƙungiya, amma ta ƙofar baya, bayan ya ajiye motarsa a wani titin daban. Yana da wanda suke tare a babban birni, a makaranta kuwa an san shi a tuzuru mai kula da tsohuwar uwarsa. A irin wannan rana yakan wuce masu kati kansa a ƙasa, ba ya karɓar na kowa. Sai dai yau ba shi kaɗai ba ne. Shugabar makarantarsu, Misis Corrigan, tana gefensa, sun haɗu a layi suna hirar bikin ƙarshen zango.

Des ya so ya ja da baya, amma ƙofar ƙarama ce, hannuwansa kuma suna miƙe.

"A'a, Mista Kittelty!" in ji Misis Corrigan da fara'a. "Yau kai ne da katin Pennicott? Ashe ana shiryuwa ko da tsufa." Ta zari ɗaya daga hagu, ko kallon na dama ba ta yi ba. "Ba wa Mista Zammit ɗaya mana, kada ya shiga ya rikice da lambobi. Masu kiɗa ba su iya ƙirga abin da ya wuce huɗu ba."

Ta yi dariya. Anthony ma ya yi, irin dariyar da ake yi wa mai biyan albashi.

Des ya miƙa. Babu wanda ya tilasta masa, hannunsa ne ya tafi da kansa, kamar yadda ya saba tun safe. Anthony ya karɓa, ya juya bayan katin, ya karanta. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ninke shi a hankali, gida biyu, gida huɗu, ya sa a aljihun ƙirji.

"Na gode, Mista Kittelty," ya ce.

Bai taɓa kiransa haka ba.

Da suka fito, Misis Corrigan ta tsaya sayen sosej. Anthony ya zo wucewa ta gaban Des, ya ɗan rage tafiya kamar mai gyara maɓallin kwat.

"Anthony, na Glenys ne, mijinta ne ya..."

"Ba komai, Des," ya ce, idonsa a kan titi. "Na saba."

Ya wuce. Des ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Da ya zage shi ma da ya fi sauƙi. Ya dubi damin da ke hannunsa na hagu, ya tayar da kujerar Glenys, ya ɗora katunan a kai, ya danne su da fulas don kada iska ta kwashe. Bai zubar ba, bai ɓoye ba. Ya koma wurinsa da hannu ɗaya.

Ba a daɗe ba Kev ya leƙo daga bayan hayaƙinsa.

"Mutumina, katunan Glenys sun gaji ne suka zauna?"

"Suna hutawa."

"Tabɗi." Kev ya juya sosej ɗinsa. "Ni dai nama nake gasawa, ban ga komai ba. Amma ka san matar fasto ta wuce yanzu, ita kuma idonta ba ya hutawa."

Ruwa ya ɗauke, iska mai sanyi ta maye gurbinsa. Roula ta je shago ta dawo. Ta ga katunan a kan kujera, ta dubi Des, ta tsaya kusa da shi kafaɗa da kafaɗa.

La'asar ta yi kafin motar Glenys ta dawo. Ta fito gashinta a hargitse, takalmanta duk taɓon garke. Ta zo ɗaukar jakarta ne.

"Ya Merv?" in ji Des.

"Ƙugu ya karye. Motar asibiti ta tafi da shi babban asibiti, zan bi su yanzu. Yana ta zagin saniyar, ka san ba mutuwa zai yi ba." Ta sunkuya za ta ɗauki fulas, sai ta tsaya. Ta ɗaga damin katunan, ta auna nauyinsa a tafin hannunta. Mace ce da ta yi shekaru tana wannan aikin, ta san yadda dami ke raguwa a yini. "An kira ni a waya ina hanya," ta ce. "Na ce ƙarya ne, Des ba zai yi haka ba."

Yana iya cewa mutane ne ba su karɓa ba. Ta ba shi ƙofar faɗin hakan, ya gani a fuskarta, so take ya faɗa.

"Na raba da safe," ya ce. "Daga baya na ajiye."

"Don me?"

"Kin karanta bayansa, Yaya?"

"Na karanta."

"Kin karanta."

"Ban so hoton ba. Na gaya musu a ofis ban so shi ba. Amma ba kai ake nufi ba, Des, haba. Kai namu ne. Waɗancan na birni ake nufi, masu son cusa wa yara abubuwa."

"Lyle ya koya wa rabin yaran garin nan iyo a kogi. Har da Brendan."

"Kada ka sako min Lyle."

"Hannunsa ne a hoton."

"Na ce kada ka sako min shi!" Mutanen layi suka waiwayo, ta sassauta murya. "Motar da ta ɗauki mijina yau, wa ya kawo ta garin nan? Pennicott. Da za a rufe ɗakin haihuwa, wa ya tsaya? Ku kuna da abu ɗaya da kuke dubawa a jikin ɗan takara, mu muna da gari guda."

"Abu ɗayan nan shi ne mu," in ji Roula.

"Ba da ke nake ba, Roula." Glenys ba ta ko juya ba. "Kai, Des, ka tuna zaɓen da ya wuce? Da haƙorinka ya tashi, ka tafi wurin likita rabin yini? Wa ya raba maka? Ni. Na tsaya a nan da bakan gizonku a hannuna, matan cocinmu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Har hunturu ya fita ba su zauna kusa da ni ba. Na taɓa faɗa maka? Na taɓa ajiye ko ɗaya a kan kujera?"

Des bai taɓa sanin abin da matan cocin suka yi mata ba.

"Katina bai ce ke abin tsoro ce ga yara ba," ya ce a hankali.

"A wurinsu abin da ya ce ya fi haka muni. Ban tsaya aunawa ba. Ka ce in riƙe, na riƙe."

A bayansu mai yana ta ƙara a kan murhun Kev. Glenys ta share fuska da bayan hannu, ta daidaita katunan, ta miƙo masa.

"Ba ni da lokaci. Wanda zai canje ni ba zai zo ba. Sauran yinin kaɗan ne. Karɓi, mu manta an yi."

Des ya dubi hannunta. Hannun da ya riƙe kafaɗun Lyle ne, ya tsufa, jijiyoyi sun fito. Ya san abin da ake miƙo masa ya wuce kati.

"Zan kai ki asibiti," ya ce. "Zan tatse shanun yau da gobe, har Merv ya tashi. Zan kwana a gonar in kina so. Wannan ne kawai ba zan iya ba."

"Ban tambaye ka tatsa ba."

"Na sani."

"Mijina na kwance da karyayyen ƙugu, abu ɗaya na roƙe ka."

"Na sani, Yaya."

Hannunta bai sauka ba. "Brendan ya daɗe yana min maganar filin nan," ta ce, muryarta ta koma ƙasa sosai, ba fushi a ciki, gajiya ce kawai. "Kullum ina ce masa, mu idan aka riƙe mana muna riƙewa. Des ya riƙe ɗan'uwana, zan riƙe masa wurinsa. Yanzu ban san me zan ce masa ba."

Ta jira. Des yana jin yatsunsa suna motsi a gefen wandonsa, sai ya cusa hannun a aljihu ya damƙe.

Glenys ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashi. Ta zuba katunan a jaka, ta tattara kayanta. "Gobe ba girki," ta ce. "Ina asibiti." Ta shiga mota ta tafi, ba ta ɗaga hannu ba.

Roula ta juyo gare shi. "Ka yi daidai, Baba Des."

"Anthony ya riga ya karɓa daga hannuna. Ajiyewar da na yi ba ta fitar da shi daga aljihunsa ba."

"Duk da haka."

"Ita ta riƙe mini nawa, kin ji ai."

"Nata da naka ba ɗaya ba ne."

"Haka nake gaya wa kaina," in ji Des. "Ita ma haka take gaya wa kanta."

Ya miƙa wa Roula sauran katunansa ya ce shanu ba su san da zaɓe ba. Ya tuƙa tsohuwar motarsa zuwa gonar Hallett, ta hanyar da ya bi da tanka shekara da shekaru. Tun daga nesa yake jin kukan shanun, nono ya cika musu. A bakin ƙofar gona ya tarar da Brendan, ƙato mai jan gemu, yana sanye da takalman roba, ya jingina da ƙyauren.

"Sannu, Des."

"Sannu, Brendan. Na ce bari in kama maka, garken ya yi wa mutum ɗaya yawa."

"Mama ta kira. Ta ce a gode maka, akwai mai zuwa."

Des ya dubi hanyar, babu ƙurar mota, babu fitila, babu kowa.

"To," ya ce. "A gaida Merv."

"Zai ji."

Brendan bai buɗe ƙyauren ba, bai kuma bar wurin ba sai da Des ya juya mota.

Maƙabartar tana kan hanyar komawa gari. Rana ta kusa faɗuwa, hasken ya yi rawaya a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Des ya ajiye mota, ya taka zuwa ƙarƙashin itatuwan turare. Ɓawon itace ya zubo a kan dutsen Lyle, ya sunkuya da ƙyar ya share da hannu. Gurbin da ke gefe yana nan yadda yake, ciyawarsa a gyare, domin shi yake yanke ta.

"To, malam," ya ce, "na yi maka ɓarna yau. Yayarka ce za ta kwanta a nan. Ka shirya kunnuwanka, ba za ka ƙara samun barci ba."

Ya tsaya kamar mai jiran a mayar masa da tsokana. Hankaki biyu suka tashi daga reshe suka nufi gari.

"Da kai ne da ka karɓa," ya ce. "Ka karɓa kana dariya, ka raba, ka dawo gida ka ƙi cin abinci. Ko kuwa da ba ka karɓa ba. Ka ga, har na fara manta irin abin da za ka yi."

Sanyi ya fara shiga gwiwoyinsa. Ya miƙe, amma bai nufi mota ba. Ya bi ta tsakanin tsofaffin duwatsu ya fita zuwa sabon ɓangaren, can bakin babban titi, inda ba a shuka itace ko ɗaya ba tukuna, sai jar ƙasa da ƙananan turaku masu lamba, kowane alamar gurbin kabarin da ba a binne kowa ba. Ya yi ta tafiya a hankali daga wannan layi zuwa wancan, yana tsayawa yana waiwaye, yana neman inda mutum zai iya hango itatuwan turaren daga nan. A layin ƙarshe, kusa da shinge, ana ganin kawunansu kaɗan. Wata babbar mota ta wuce a guje, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunsa. Ya sunkuya ya goge taɓon da ke jikin turken da ke gabansa don ya ga lambar.